Duba haƙoran furosesa

Wata Juma'a bayan la'asar ƙanwata ta same ni a zaure, waya a hannu, fuska a murtuke. Ƙawarta ce ta tura mata manhajar koyon ɗinki ta Xender, ta danna har ta gaji, abu ya ƙi shiga. "Yaya, duba min, ko dai cutata aka yi a wayar nan? Ta ƙawata ta karɓa, tawa ta ƙi." Na duba, waya lafiyarta lau. Abin da ba ta sani ba shi ne Play Store tela ne: yakan auna kowace waya kafin ya yanka mata nata kason. Wanda ya ɗinka wa wayar ƙawar na masu bit 64 ne, ita kuwa Android ɗin da ke kan tata na bit 32 ne, irin wanda ake ɗora wa wayoyi masu araha don kada ya cinye ma'ajiya. Rigar wata aka ba ta, shi ya sa ta ƙi shiga wuya.

Na yi mata dariya, alhali ni ba ni da bakin yi. Sana'ata rubuta manhaja, kuma mafi yawan abin da nake rubutawa ba a ganinsa, yana can ƙasa inda rubutu ke goga kafaɗa da ƙarfen inji. Shekarun baya na yi wa wani mai shagon buga takardu a unguwarmu 'yar manhajar da ke matse hotunan takardu don su yi sauƙin turawa. Na rubuta mata gwaje-gwaje fiye da ɗari, duka suka wuce a kwamfutata. Na ɗauka a fulash, na tafi ina taƙama. Muka sa ta a tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, aka danna, sai baƙin allo ya tofo kalmomi biyu, "Illegal instruction", wato umarnin da ba a sani ba, shi ke nan. Mai shago ya leƙo ya ce, "Injiniya, ai ko sallama ba ta yi ba ta fice."

Laifina ne. Da zan juya rubutun zuwa yaren inji, na ce wa manhajar da ke wannan tafinta ta yi amfani da duk abin da furosesata ta iya. Tawa ta iya wasu umarnai da ake kira AVX, waɗanda Intel ya fito da su a 2011, masu sa a yi wa lambobi takwas lissafi a bugu ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Tasa Celeron ce, kuma shekaru da dama bayan 2011 ana ta sayar da Celeron da Pentium babu wannan baiwa. Gwaje-gwajena ɗari ba su yi ƙarya ba, sun dai ba da shaida ne a kan kwamfutar da ke ɗakina kawai. Na ɗan samu sanyi da na ga ba ni kaɗai ba ne: tun daga 2018 ɗalibai masu tsofaffin injuna ke cin karo da waɗannan kalmomi biyu idan sun sauke manhajar TensorFlow, haka masu amfani da manhajar MongoDB tun fitowar ta 5.0 a 2021.

Furosesa ita ce 'yar ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a cikin waya ko kwamfuta, kuma ba yare ɗaya dukansu ke ji ba. Manyan dangi biyu ne suka cika duniya. Akwai x86, zuriyar 8086 da Intel ya ƙera a 1978, su ne a yawancin kwamfutocin tebur da na hannu. Akwai ARM, da kamfanin Acorn ya ƙera ta farko a Kambirij ta Ingila a 1985, su ne a cikin kusan kowace Tecno, Infinix, itel ko Samsung da ke aljihun mai karatu. Wannan bambanci mai sauƙi ne, don tun kafin a fara aiki an san wa ake yi wa. Wahalar tana cikin gida ɗaya, inda jika ya san kalmomin da kakansa bai taɓa ji ba, kuma wani lokaci ƙane ya rasa abin da wansa yake da shi. Manhajar da ke son sauri sai ta yi amfani da sababbin kalmomin, wadda ke son ta rayu a ko'ina kuwa sai ta fara sanin da wa take magana.

Wanda ya taɓa shiga kara sayen ragon layya ya san rago ba ya faɗin shekarunsa. Haɓarsa ake kamawa, a ɗaga leɓe, a ga ko ya yi famfara. Haka masu rubuta manhaja suka yi ta fama kafin 1993, kuma dabarunsu na cikin abubuwan da nake jin daɗin karantawa a wannan sana'a. Ɗauki 8088, wadda IBM ya sa a kwamfutarsa ta 1981, da 'yar uwarta 8086. Yarensu ɗaya sak. Amma kowacce takan ɗebi umarnan da ke gaba ta riƙe kafin ta iso gare su: 8088 bayit huɗu, 8086 bayit shida. Sai mai wayo ya rubuta manhajar da za ta canja umarnin da ke 'yan taku kaɗan a gabanta. In furosesa ta bi sabon, ba ta riga ta ɗauka ba ke nan. In ta bi tsohon, to ya riga ya shiga cikinta. Kamar ka gyara wasiƙa bayan ɗan aike ya sa ta a aljihu. Da wannan ake gane wace ce.

Akwai wadda ta fi wannan ban dariya. Wani kamfani a Tekzas mai suna Cyrix ya riƙa ƙera furosesa masu kwaikwayon na Intel, amma kama da wane ba ta wane. An gano cewa idan aka raba biyar da biyu, amsa ɗaya suke bayarwa, sai dai ta Intel takan motsa wasu 'yan tutocin da ke nuna halin da lissafi ya ƙare, ta Cyrix kuwa takan bar su yadda ta same su. Wannan ɗan gwaji na biyar-raba-biyu ya shiga cikin babbar manhajar Linux, ya zauna shekara da shekaru.

A 1993, da zuwan Pentium, rago ya fara magana. Intel ya ƙara umarni mai suna CPUID. Ka sa sifili a wani aljihun furosesa ka kira shi, sai ta mayar maka da haruffa goma sha biyu: ta Intel ta ce GenuineIntel, ta AMD ta ce AuthenticAMD, ta Cyrix kuwa, da tsiwa, ta ce CyrixInstead, wato ga Cyrix a madadinsa. Ka sa ɗaya, ta jero maka tutoci, kowace na nufin "na iya kaza". Har shi kansa CPUID sai an duba haƙori kafin a kira shi, domin tsohuwar da ba ta san shi ba faɗuwa za ta yi: akan gwada juya bit na 21 a aljihun tutoci, in ya juyu to tana amsa tambaya. Wanda ke son ganin tasa, a Linux ya buga lscpu, a Windows ko Android ya buɗe CPU-Z.

Da samun suna sai aka faɗa sabon rami. Maimakon a tambayi furosesa me ta iya, wasu suka koma tambayar 'yar gidan wa ce. Shekaru da dama tafintan da Intel ke sayarwa yakan cusa wa manhaja ɗan bincike: in ta ji GenuineIntel ta bi hanya mai sauri, in ta ji wani suna ta bi ta kunkuru, ko da furosesar ta iya umarnan. Wani masani ɗan Denmak, Agner Fog, ya daɗe yana tona wannan. A 2008 mujallar Ars Technica ta samu furosesar VIA Nano, wadda ake iya canja mata suna, ta sa ta ce ita GenuineIntel ce, sai makinta a wani sashe na gwajin PCMark ya yi tsalle, alhali ƙarfen bai canja ba. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kai Intel ƙara a Disamba 2009, aka sasanta a 2010 bisa sharuɗɗan da suka haɗa da bayyana wa jama'a wannan bambanci. Ni dai a wurina, ko ba mugun nufi, bin suna lalaci ne. Suna ɗaya yana kan furosesa ɗaruruwa, kuma ta baɗi ba ta cikin jerin da ka rubuta bana.

To, a ce ka yi daidai, ka tambayi iyawa. Ba ka tsira ba tukuna. Tutar AVX tana iya kasancewa a ɗage amma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta san yadda za ta adana manyan aljihunan da AVX ke aiki da su ba. Windows 7 sai da ya samu gyaransa na farko a 2011 kafin ya iya. Saboda haka tambaya biyu ce, ɗaya ga furosesa, ɗaya ga babbar manhaja. Irin wannan ne ma ya sami ƙanwata, don da na bincika, furosesar wayarta ta iya bit 64, Android ɗin ne bai iya ba.

Sai kuma wadda ta ce ta iya, ta yi, amma ta yi ba daidai ba. A 1994 wani malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg ta jihar Bajiniya, Thomas Nicely, yana bincike a kan lambobin da ba sa rabuwa, ya ga lissafinsa na ƙin daidaita. Ya zargi kansa, ya zargi manhajarsa, ya shafe watanni, daga ƙarshe ya tabbatar Pentium ce ba ta iya wani rabawa ba. A raba 4195835 da 3145727, amsar gaskiya tana farawa da 1.33382, ita kuwa sai ta ce 1.33373. Wasu 'yan gurabe ne aka bari fanko a jadawalin da ke cikinta. Da farko Intel ya ce kuskuren ba kasafai yake taɓa mutum ba, jama'a suka yi ca, a Disamba ya yarda zai canja wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475. Babu tutar da ke cewa "ina kuskuren rabawa". Shi ya sa Linux ya koyi yin wannan lissafin da kansa duk sanda aka kunna inji: ya raba lambobin nan biyu, ya sake ninkawa, ya cire. In saura sifili ne, lafiya. In ya ga 256, ya san da wa yake zaune.

Kada a ce zancen da ne. A Yulin 2019 AMD ya fito da Ryzen 3000. Akwai umarni mai suna RDRAND da ke ba da lambar da ba a iya hasashenta, kamar jefa ƙuri'a, ana amfani da ita wajen tsaro. Sabuwar furosesar ta ɗaga tuta ta ce ta iya, kuma duk sanda aka nema sai ta ce an dace, sannan ta miƙo lamba ɗaya tilo, 4294967295, yau ita, gobe ita. Wani sashe na Linux da ke neman sabuwar lamba, in ya ga an taɓa amfani da wadda aka ba shi sai ya sake nema, ya yi ta nema har abada, kwamfuta ta ƙi tashi. Wasan Destiny 2 ma ya ƙi buɗewa. Sai da aka sabunta manhajar allon inji. Gwajin da zai kama wannan bai fi layi biyar ba: nemi lamba sau takwas, in duk iri ɗaya ne kada ka yarda.

A ɓangaren ARM al'adar gidan daban ce. Manhaja ta gama-gari ba a saba barinta ta leƙa takardun furosesa kai tsaye ba, sai ta bi ta hannun babbar manhaja, ita ce za ta ba ta jerin abin da aka iya. Inda hakan bai samu ba, masu OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin shafukan intanet da yawa, sukan yi abin da yaro ke yi da kududdufi: su ɗaura igiya a ƙugu, su jefa ƙafa. A gwada umarnin, in an faɗi a kama faɗuwar, a rubuta cewa babu.

Labarin da na fi so a nan na 2016 ne. Idan mai sayar da waya ya ce maka "okta-kwa ce", yana nufin ma'aikata takwas ne a cikin furosesar, kuma galibi ba ƙarfinsu ɗaya ba: manya na aikin ƙarfi, ƙanana na tattalin batir, aiki yana ta kaiwa da komowa tsakaninsu ba tare da manhaja ta sani ba. Masu aikin wata manhaja mai suna Mono suka ga manhajojinsu na mutuwa haka kawai a wasu wayoyin Galaxy S7 masu furosesar Exynos 8890, ba tsari, ba dalili. Da suka tara adireshin wuraren da ake faɗuwa, sai suka ga duk a rabi na biyu na kowane bayit 128 ne. Ashe ma'ajiyar kusa ta manyan ma'aikata tana da layuka masu bayit 128, ta ƙananan kuwa 64. Manhajar da ke share ma'ajiyar takan tambayi faɗin layi sau ɗaya ta haddace. In babba ne ya amsa, ta riƙe 128, sannan aiki ya koma hannun ƙarami, sai ta yi ta shara tana tsallake layi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi tambaya, an ba ta amsar gaskiya, amma wanda ya amsa ba shi ne ya ci gaba da aikin ba. Maganin da suka yi shi ne a ɗauki mafi ƙanƙantar faɗin da aka taɓa gani. Intel ma da ya haɗa manya da ƙanana a ƙarshen 2021, rufe umarnan AVX-512 ya yi gaba ɗaya, tunda ƙananan ba su iya ba.

Akwai bambance-bambancen da ba sa cikin kowane jerin tutoci, halin ɗabi'a ne. Mu Hausawa muna cewa ashirin da biyar, babba a gaba. Wanda ya yi Islamiyya ya san Balarabe biyar yake fara faɗa kafin ashirin. Furosesa ma haka suke wajen ajiye lamba mai bayit da yawa: x86 da yawancin ARM ƙaramin ɓangare suke sawa a gaba, manyan injunan IBM na bankuna da tsofaffin Macintosh babba suke farawa da shi, haka kuma ƙa'idar intanet. Danny Cohen ne a 1980 ya laƙaba wa ɓangarorin biyu suna daga littafin Gulliver's Travels na 1726, inda aka yi yaƙi a kan ta wane kai ake fasa dafaffen ƙwai. Gwajin kuwa kamar wasa: ajiye lamba ɗaya a gurbi mai bayit huɗu, leƙa bayit na farko. In ka ga ɗaya, tsarin Balarabe ne. In sifili, irin namu.

Wanda ya fi cin rai shi ne jerin aukuwa. Ma'aikaci ɗaya ya rubuta saƙo, sannan ya ɗaga tuta cewa ya gama. A x86 ma'aikaci na biyu ba zai ga tuta kafin saƙo ba. A ARM yana iya gani, sai in an kafa shinge da gangan. Manhaja takan yi shekara goma lafiya a kwamfuta, ranar da aka kai ta waya ta fara ɓata sau ɗaya cikin dubbai. Da Apple ya koma furosesarsa ta M1 a Nuwamba 2020, sai da ya gina mata wani yanayi na kwaikwayon jerin x86 don tsofaffin manhajoji su yi gudu ba tare da haɗari ba.

Yanzu ga yadda nake aiki. Kowane lissafi mai nauyi ina rubuta masa hanya biyu ko uku, mai sauri da ta talaka, manhaja ta zaɓa bayan ta yi tambaya. A gwaji kuwa ba na barinta ta zaɓa. Nakan tilasta mata bin kowace hanya da lambobi iri ɗaya, in kwatanta amsoshin, domin hanyar talaka, wadda injina ba ya taɓa bi da kansa, ita ce mai shago zai hau. Furosesar da ba ni da ita nakan are ta a QEMU, manhajar kwaikwayon inji da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, in ce mata yau ke tsohuwar Core 2 ce, gobe ke babbar injin IBM ce. Tana da iyaka: matsalar jerin aukuwa da ta layukan ma'ajiya ba lalle su bayyana a kwaikwayo ba, sai ƙarfe na gaske.

Abin da nake yawan faɗa da yaran da nake koyarwa a kansa shi ne tsallake. Gwajin AVX ya iske inji ba shi da AVX, me zai ce? Da yawa sukan sa ya yi shiru ya ce an wuce, allo ya yi kore, kowa ya tafi gida. Ɗalibin da bai shiga jarrabawa ba ba a rubuta masa ya ci. Tsofaffin kayan aiki sun tanadi amsa ta uku: a Automake gwaji yakan fita da lamba 77, a gwaje-gwajen cikin Linux da lamba 4, ma'ana ban gwada ba. Ni nakan sa a ƙirga su a ƙarshe, in sun wuce yadda na sani in tsaya in tambayi dalili.

Wannan ya fi shafarmu fiye da waɗanda ke ƙera injunan, don mu ne masu sayen abin da suka ajiye. Windows 11 na 2024 ba ya tashi sam a kan Core 2 Duo saboda yana buƙatar umarnin POPCNT, an kuma daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Injunan nan kuwa suna nan sun cika shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu. Shi ya sa a saman kabad ɗina akwai gawarwaki uku da ba na yarda a zubar: Core 2 Duo mai fasasshen allo, wata wayar bit 32 da batirinta ya kumbura na canja, da Celeron ɗin nan ta mai shago, wadda na saya a hannunsa da ya samu sabuwa. Ba ta riƙe caji, sai an kawo wuta nake kunna ta, kuma gwajin da tawa ke gamawa kafin shayi ya huce, ita sai ta kai ni sallar isha'i. Makon jiya ma ta kama min kuskure a hanyar talaka, layi na 212, inda na manta ragowar lambobin da ba su cika takwas ba.